Yaya zan kai BD ɗina (littattafan labari cikin zane) daga Yamai zuwa Tawa ba tare da kuɗin mota sun cinye albashina ba?

Mushe_Sani
Assalamu alaikum jama'ar gida. Afektasiyo ta fito, an maida ni Tawa, dole in kasance can kafin a koma lakwal a watan Oktoba. Katifa da kujeru ba su dame ni ba, su zan sayar in sayi wasu can. Abin da ya hana ni barci shi ne BD ɗina. Tun ina kwalej nake tara su, ga kuma waɗanda marigayi babanmu ya bar mini, gaba ɗaya sun kusa 700. Wajen 400 manya ne masu bango mai tauri, wajen 200 manga (BD na Japan), sauran ƙananan nan ne na da masu takarda ja da ta fara karyewa. Wa ya taɓa kai kaya irin wannan? Kar (babbar motar fasinja) ya fi ko kamiyo? Kuma yaya ake ɗaure su kar su isa a lalace, ga damina ba ta ƙare ba. Don Allah shawarar talaka nake so, kar wani ya ce mini DHL.

Bouba_Yantala
Wa alaikumus salam mushe. Kafin komai auna su. Babban album ɗaya yana tsakanin giram 350 zuwa 500, ka ɗauki 400 ka ninka da 400 ɗinka, kilo 160 ke nan. Manga 200 ba za su gaza kilo 30 ba. In ka haɗa da ƙananan da nauyin karto kana wajen kilo 200. Da wannan lissafin za ka je ciniki, ba da "littattafai ne ƴan kaɗan" ba.

Mushe_Sani
Kilo 200?? Buhun shinkafa huɗu na 50 ke nan fa

Bouba_Yantala
Takarda ce ai, a ido ba ta da yawa, sai an zo ɗagawa

Dan_Ader79
Barka da zuwa garinmu mushe, Tawa ta karɓe ka. Ni dai motar kar nika ba ka shawara. Kamfanonin nan duka suna zuwa, Rimbo, STM, Al Izza, Sonef, kuma kowane na da wurin amsar koli. Ka kai da marece, su ba ka resi, kar shi tashi da asuba, kahin la'asar ko magariba kayanka na Tawa. Hanya wajen kilomita 550 ce, Dosso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, a Tsarnawa a karkata arewa. Yini guda an gama. Kamiyo kuwa ba ka san ran da za shi iso ba.

Hajiya_Rabi_Wadata
Ɗana ban ga abin wahala ba a nan. Mutum da girmansa, malamin makaranta, zai biya kuɗin mota saboda littafin zane na yara? Kai su bakin babbar kasuwa wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa su saya, ka ƙara kuɗin a hayar gida.

HadizaBD
Haba Hajiya 😂 a wannan gurup ɗin za ki faɗi haka? Kin san nawa ake sayar da sabon album guda yanzu in ma an same shi a Yamai? Kuma masu shimfiɗa a ƙasa dala ɗari za su ba shi a kan abin da ya saya jika 8. Na babansa kuma ai ba na sayarwa ba ne.

Hajiya_Rabi_Wadata
To kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni jikana ne ya sa ni cikin gurup ɗin nan, Allah ya ba da sa'a.

Tsoho_Katako
Bari in yi magana a kan karto tunda shi ne sana'ata. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya nemi babban karto na firigo ko na talabijin ya cika shi da littafi don ya rage yawan koli. To wannan karton mutum biyu ba su ɗaga shi, sai dai a ja shi a ƙasa ko a gangaro shi, kuma gindinsa zai buɗe tun kafin a fita tasha. Ƙanana ake nema, kowane kar ya wuce kilo 15, in ya yi yawa 18. Kilo 200 ɗinka zai zama karto 13 ko 14.

Wanda ya fi kyau shi ne na takardar A4, wanda ram 5 ke ciki. An yi shi ne don ya ɗauki kilo 12 da rabi na takarda, yana da murfi, kuma duk wurin fotokopi suna jefar da shi ko su ba ka a banza. Manga da ƙananan nan za su zauna ciki daram. Matsalar ita ce manyan album, A4 santimita 21 ne da 29.7, su kuma da yawa 24 da 32 ne, ba su shiga a kwance. Su sai ka nemi na farmasi, wanda ake kawo ruwan ƙarin jiki ciki, bangonsa biyu ne yana da ƙarfi sosai. Kar ka ɗauki na sabulu ko na man gyaɗa ko na kifin gwangwani, wari da maiƙo suna shiga takarda kuma ba su fita.

Sikoci kuma mai faɗi, ka bi tsakiyar gindin sau biyu sannan ka rufe gefe da gefe. Sannan igiya a gicciye don masu lodi su samu wurin kamawa.

Mushe_Sani
Allah ya saka da alheri baba. Wannan na farmasin ban taɓa tunaninsa ba. A tsaye zan jera su ko a kwance?

HadizaBD
A kwance, manya ƙasa ƙanana sama, kuma ka riƙa juya su, biyar ƙeyarsu hagu biyar dama, don kar tsibin ya karkata gefe ɗaya

Bouba_Yantala
Ni ban yarda ba. A tsaye kamar yadda suke kan etajer, a matse, shi ya fi ga masu bango mai tauri. In ka kwantar da 35 kan juna na ƙasan shi ke shan duk nauyin da duk ramin hanya.

HadizaBD
Yaya Bouba a tsaye in aka ɗora wani kaya sama gefen bangon ne ke lanƙwashewa. Ka san ba wanda zai duba kibiyar da ka zana a jiki.

Issoufou_Biblio
Na yi aiki a ɗakin karatu, mun kwashe littattafai fiye da yadda zan iya tunawa. Ku biyun duk kuna da gaskiya, a kwance ya yi, a tsaye ya yi, muddin babu wurin motsi a ciki. Abin da ke kashe littafi a mota shi ne ya riƙa kaɗawa yana buga kusurwa. Hanya ɗaya ce haramun: ka sa shi bakin buɗewa ƙasa ƙeya sama, nan nauyin shafukan zai ja su su rabu da bango. Duk gibin da ya rage a cusa takarda ko tsofaffin riguna har in ka girgiza karton ba ka ji komai ba. Jarida tana yi don cika gibi amma kar ta taɓa bango kai tsaye, tawadarta na gogewa a jiki musamman da zafi.

Ƙananan na babanka su ne abin tsoro. Takardarsu irin ta jarida ce, da ta tsufa sai ta yi ja ta bushe, ko lanƙwasa kaɗan sai ta tsage. Ka haɗa su goma goma tsakanin falle biyu na kwali mai tauri, ka naɗe da farar takarda. Kar ka ɗaure da roba, tana narkewa ta manne.

Aparanti227
ni karen mota ne shekara da shekaru bari in gaya muku abin da ke faruwa a kasan kar. ana sa moto ana sa jarkar mai ana sa buhun barkono da kifi da batir duk wuri daya. in moto ya zubar da mai kartonka ne zai sha. kuma bangaren baya kusa da inji akwai zafi. in kana so kayanka su tsira ka tsaya da kanka lokacin lodi ka ba yaran dan na shayi ka ce a sa maka gaba kuma sama da kayan wasu. in ka aje ka tafi gida to sai yadda hali ya yi

Maman_Nafissa
Gaskiya ne wannan. Na taɓa aika wa ƙanwata littattafan jami'a da wani kamfani, ba zan faɗi suna ba, karton ya isa rabinsa jiƙe da manja. Da muka yi magana aka ce ai ba mu faɗi darajar kayan ba lokacin da muka ba da su. Mushe ka tambaya tun farko, in kaya ya ɓata ko ya lalace me suke biya, kuma a rubuta yawan karto a kan resi, ba "koli" kawai ba.

Alhaji_Transport
Malam kar na da tsada ga kaya mai nauyi, don su kallon karto suke su ɗaga su yanka maka kuɗi ɗaya bayan ɗaya. Karto 14 in aka ce maka ko jika 2 kowane ka ga inda aka tafi. Ka nemi kamiyon da ya sauke kaya a Yamai zai koma wofi. Masu kawo albasa daga yankin Galmi da Madawa da Tawa, da masu siminti na Malbaza, duk ba su son komawa ba komai. Direba zai ɗauki kilo 200 a kuɗin da bai kai rabin na kar ba don shi riba ce ta sama. Ka je Katako ko tashar Wadata ka tambayi ƴan kamasho.

Dan_Ader79
Alhaji da girmanka, motar albasa?? Shekara guda ɗakin mushe na warin albasa 😂 Kuma na Galmi da Malbaza ba su shiga Tawa, a Tsarnawa suka miƙewa gabas, sai a sauke mishi kaya bakin hanya shi nemi wata mota. Sauke da ɗora sau biyu, nan ne karto ka mutuwa.

Alhaji_Transport
Ai na ce ya tambaya. Akwai masu zuwa Tawa kai tsaye, akwai masu wucewa Agadas ma, duk ta nan suke bi. Wari kuma in an naɗe da leda ba ya shiga.

Aparanti227
alhaji matsalar kamiyo ba wari ba ce ruwa ne. tamfol din da yawa duk huda ne kuma in hadari ya taso tsakanin dutsi da konni ba wanda zai tsaya saboda littafi

Issoufou_Biblio
Kan maganar leda a yi hattara. A ciki ake sa ta, wato ka shimfiɗa babbar leda cikin karton, ka jera littafi, ka naɗe bakin, sannan ka rufe. In ka naɗe waje kawai, ja ɗaya a ƙasa ta yage. Kuma ranar da za ka ɗaure ta zama ranar rana, littattafan a bushe. In ka rufe su da danshin damina a cikin leda suka yi sati biyu, za ka buɗe ka tarar da fumfuna da tabo. Da ka isa ka buɗe su su sha iska.

Zakou_Lyon
Tunda ana maganar, ni tawa matsalar ta fi ta mushe. Ina da wajen album 300 a nan Faransa ina so in maido gida. Da akwai wani farashi mai sauƙi na gidan wayar Faransa don aika littattafai ƙasashen waje, Livres et Brochures, da shi ɗalibai da yawa ke aikawa, amma an soke shi a watan Yulin 2025. Yanzu koli na yau da kullum ya fi kuɗin littafin. Wa ke da dabara?

Bouba_Yantala
Kontena ta haɗin gwiwa ita ce kawai mai araha, waɗanda ƴan Nijar ke haɗa kaya su cika. Su da girman wuri suke lissafi ba kilo ba, to littafi a nan ya ci riba tunda nauyi gare shi ba girma ba. Sai dai haƙuri, tun 2023 da aka rufe iyakar Benin kaya ba su bi ta Kotonu da Gaya kamar da, ta Lome da Burkina suke zagayowa, wata da watanni.

Maman_Nafissa
Ko ka raba wa masu zuwa hutu. Jaka ɗaya ta jirgi kilo 23 ce, album 50 ke nan. Mutum shida sun gama maka.

Zakou_Lyon
Anti wa zai bar turare da takalman ƴan uwa ya ɗauko mini BD 😅 ko ni in na tashi zuwa jakata ba tawa ba ce

Kadri_Transit
Zakou in ka bi ta kontena ka rubuta jerin abin da ke ciki, ka nuna tsofaffi ne na karatunka ba na sayarwa ba. Shi ma mushe haka, ko da yake cikin ƙasa ne. Ƙwanni bakin iyakar Najeriya take, karto 14 iri ɗaya a liƙe dole a tambayi mene ne ciki, aikinsu ne. Ka riƙe takardar afektasiyo, ka rubuta a jikin kowane karto lamba da sunanka da telefon, 1/14, 2/14 haka, sannan ka tafi da sikoci a aljihu don in an buɗe ka sake rufewa.

Tsoho_Katako
Mushe ƙananan nan na babanka su waye a ciki? Akwai Zembla da Akim?

Mushe_Sani
Akwai baba, da Blek, har da ƴan Kouakou kaɗan

Tsoho_Katako
Allahu akbar. Mu a zamaninmu haya muke ɗaukarsu, ka karanta a ɓoye cikin kaye, mushe na rubutu a tabulo. Guda ɗaya sai ya zagaye aji duka, ya dawo ba bango. Da yawanmu a nan muka koyi faransanci ba a littafin lakwal ba. Yaran yanzu sai telefon.

Dan_Ader79
Wallahi baba, mu ma a Tawa haka munka yi. Wanda duk yayanshi ya dawo daga Abijan da su shi ne sarkin unguwa.

HadizaBD
Yaran yanzu ma suna karatu baba, manga suke karantawa a telefon ɗin. Ku zo ku ga yadda suke rububin na takarda in sun samu.

Hajiya_Rabi_Wadata
Au Kouakou na ciki? Wannan na san shi, ana raba mana a lakwal. To shi kam kar a sa shi motar albasa.

Issoufou_Biblio
Hajiya ta dawo hanya 😄 Mushe, abin da zan yi in ni ne: raba su kashi uku. Na babanka da duk wanda ka san ba za ka sake samu ba, su shiga akwatin ƙarfe ko balis su tafi tare da kai ranar da za ka hau kar, cikin kilon da tikitinka ya ba ka. Manyan album su bi koli na kar, ba dole rana ɗaya ba, karto uku wannan wata, uku wata mai zuwa, yadda albashi zai ɗauka. Manga su ne masu sauƙin samu kuma ba su da nauyi, su za ka iya ba kamiyo.

Bouba_Yantala
A nan ma ban yarda ba, manga manne su aka yi da gam ba ɗinki ba, kwana uku ƙarƙashin tamfol a rana gam ɗin ya yi laushi shafuka su fara fita. Gara manyan su bi kamiyo tunda su ne nauyin da ke cin kuɗi.

Alhaji_Transport
To kun ga dai duk kun dawo kamiyo

Maman_Nafissa
Araha ba ta ado Alhaji. Ni tambayata ma, mushe ka samu gida a Tawa? Kar ka aika kaya su je su zauna a magazan na tasha ana jifa da su, wasu ma suna cajin kuɗin ajiya in ya daɗe.

Mushe_Sani
Ban samu ba tukuna anti, wani abokin aiki na nema mini. Wannan ma wani abu ne.

Dan_Ader79
In ka samu gida ka duba gara kahin ka aje komi. Gidan ƙasa ko na siminti duka tana shiga, kuma karto a ƙasa shi ne abincinta, dare kaɗan ta gama da na ƙasan ba ka sani ba. Ka ɗora bisa bulo ko tebur na ƙarhe, ka janye daga bango. In kana so ka turo su gidanmu, akwai ɗakin da ba kowa, in amsa maka a tasha in aje har ka iso. Yi mini magana ta pirive.

Salif_Gamkalle
ni ban gane ba, afektasiyo ai ba har abada ba ce. shekara biyu uku a sake maido ka Yamai ko a tura ka Zinder ka sake biyan wannan wahalar? bar su gidan wani ɗan uwa ka ɗauki 50 da kake so

HadizaBD
Gidan ɗan uwa mai yara? Ya dawo ya tarar an yi jirgin takarda da su, ko mai ƙosai ta samu na naɗi

Salif_Gamkalle
akwatin ƙarfe da kwaɗo, magana ta ƙare

Tsoho_Katako
Akwatin ƙarfe na maƙeran Katako yana da kyau ga ajiya, ɓera da gara ba su shiga. Amma ga tafiya shi kansa nauyi ne da za ka biya, kuma in ka cika babba da littafi ya wuce kilo 60, hannuwansa za su cire. Matsakaici guda ɗaya ya isa. Ka shimfiɗa kwali a ciki saboda tsatsa da fenti.

Kadri_Transit
Wani abu da ba wanda ya faɗa: ma'aikata nawa aka tura Tawa a wannan afektasiyon? Ba kai kaɗai ba ne tabbas. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki ƙaramar mota guda ku raba kuɗin, ɗayanku ya zauna gaba tare da direba. Kayanku kaɗai ne ciki, ba manja ba moto, kuma har ƙofar gida. Sannan ka bincika a sarwis ɗinku ko akwai kuɗin ƙaura da ya kamata a ba ka.

Mushe_Sani
Wannan shawarar ta shiga kaina. Mun kai mu biyar da na sani, biyu ma da iyali. Zan kira su yau da dare. Gobe kuma in zagaya tashoshin kar in ji farashin karto na kilo 15 don in samu abin kwatantawa. Baba Tsoho, na farmasin nawa ake sayar da su a wajenku?

Tsoho_Katako
Ka fara tambaya a farmasin unguwarku, sau da yawa kyauta ne. In babu ka zo da album guda mafi girma mu gwada a ciki kafin ka saya.

Aparanti227
in kun dauki mota daya ku sa littafin kasa daidai kan tayoyi katifa sama. kuma kar ku bari matan su sa jarkar mai kusa

Zakou_Lyon
Ni dai har yanzu ba wanda ya ba ni lambar masu kontena. Bouba kana da wani a Liyon ko sai Pari?

Bouba_Yantala
Pari na sani, bari in tambaya maka. Mushe in ka tashi rage kaya ina son manga ɗin, faɗi waɗanne ne da kai.